Dalilin da ya sa ba mu jefar da tsohuwar kwamfutar ofis ba



A taron watan jiya, da ma'aji ya karanto kuɗin da aka kashe a ofis, wani ɗan uwa ya miƙe ya yi tambaya mai kyau. Ya ce tunda an sayi sabon akwatin ajiya da kuɗin ƙungiya, me ya sa har yanzu waccan tsohuwar kwamfutar take zaune a kusurwa tana shan wuta, har ma an ƙara mata wata laftof mai fasasshen gilashi a gefe? Aka yi dariya, Magariba ta kawo jiki, ba mu samu damar ba shi cikakkiyar amsa ba. Mun yi alkawarin za mu rubuto a nan, domin kuɗin na kowa ne, bayanan da ke cikin na'urar ma na kowa ne. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi mana haƙuri.

Waɗanda suka daɗe suna shiga ofis sun san ta. Matasa ne suka laƙaba mata suna Tsohuwa, sunan kuma ya bi ta. Tokumbo ce, an sayo ta a Computer Village da ke Ikeja sama da shekara ashirin da suka wuce, lokacin da yawancinmu ko wayar hannu ba mu fara riƙewa ba. Pentium 4 ce, tana aiki da Windows XP, faifan ajiyarta gigabait 40 ne kacal, wato wayar da ke aljihun yaron shagonka ta fi ta ɗaukar kaya. Windows XP ya fito ne a 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina yi masa gyaran tsaro tun ranar 8 ga Afrilu, 2014. Saboda haka duk wanda ya ce zamaninta ya wuce, gaskiya ya faɗa. Abin da ya ɗaure mu da ita shi ne abin da ke cikinta.

Rijistar ƙungiya tana ciki. Marigayi sakatarenmu na farko, Allah Ya jiƙansa da rahama, shi ya zauna ya tsara ta da hannunsa a manhajar Access 97, tun a wata kwamfutar da ta riga wannan. Sunan kowane mamba, garinsu, wanda za a kira idan wani abu ya same shi, kuɗin wata-wata, ajiyar da mutum ya ba ƙungiya, bashin da ya ci daga asusun tallafi, duk suna nan. Ya yi mata maɓallai: ka latsa ɗaya ta fito da sunayen waɗanda ake bi, ka latsa wani ta buga rasit. Rasit ɗin nan mai kwafi uku da kuke karɓa, wata firinta ce mai allura, Epson LX-300, take buga shi, kuma kebul ɗinta mai faɗin baki ne, irin wanda ake cusawa a rami mai huji 25 a bayan tsofaffin kwamfutoci. Sababbin laftof ba su da wannan ramin. Sannan Access na zamani, daga na 2013 zuwa yau, ba ya buɗe fayil ɗin Access 97 kwata-kwata. Mun taɓa gwada juya rijistar zuwa sabon tsari. Sunaye da lambobi suka wuce lafiya, amma rabin maɓallan marigayi suka daina aiki, mu kuma ba mu san yadda ya ɗinka su ba. Sai muka bar ta yadda take, muka ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Haka muka yi ta lallaɓawa shekara da shekaru.

Abin da ya farkar da mu ya faru ne bara. Wani ɗan uwanmu mai sayar da hatsi ya rasu, ba za mu ambaci suna ba. Da matarsa ta fita takaba, sai ta zo ofis tare da ƙanin mijin, wanda ya taso takanas daga gida Arewa domin a tattara abin da marigayin ya bari, a yi rabon gado, sannan ya koma da ita da yaran. Rasit ɗin da ke hannunta ruwan sama ya shiga ɗakinsu ya cinye rubutun, sai 'yan kaɗan suka tsira. Ƙanin ya ambaci wani adadi da ya ce yayansa ya taɓa gaya masa. Ma'aji ya ce shi a saninsa kuɗin bai kai haka ba. Muka ce ai wannan ba abin jayayya ba ne, bari a tambayi Tsohuwa. Muka danna maɓalli, shiru. Muka canza soket, muka tayar da janareta, shiru.

Ƙanin ya dube mu ya ce, "Malam Sakatare, kuɗin marayu ne fa." Bai ƙara komai a kai ba, mu ma ba mu da ta cewa. Mun san abin da ke ransa, kuma da mu ne a matsayinsa shi za mu zata: mutum ya mutu, an zo karɓar haƙƙinsa, sai a ce a ranar ce na'ura ta lalace. Kwana uku muka yi a haka. Mai gyara ya gano cewa abin da ke raba wa kwamfutar wuta ne ya ƙone, sanadin wutar nepa da ta zo da ƙarfi. Sai da aka yi kwana biyu ana zaga shaguna a Ikeja kafin a samu irinsa, domin akwatinta ƙarami ne, ba kowane iri ke shiga ba. Da ta tashi, rijista ta nuna cewa marigayin ya cire wani kaso shekara biyu baya, lokacin da aka kwantar da shi a asibiti, abin da ƙanin bai sani ba. Ta kuma nuna wata ajiya ta daban da yake tarawa domin auren 'yarsa ta fari, wadda ma'aji ya manta da ita gaba ɗaya. Aka buga takarda, kowa ya sa hannu, aka rabu da addu'a.

Kafin mai gyaran ya tafi, ya gaya mana cewa wannan karon mun yi sa'a. Ya ce faifan ajiyarta irin na da ne, wanda ake kira IDE, kuma sama da shekara ashirin ke nan yana juyawa. Ranar da ya tsaya, ba lallai ne a iya ceto ko layi ɗaya daga cikinsa ba. Da yamman nan muka duba durowa, muka tarar kwafin ƙarshe da muka yi wa rijistar a faifan CD ya kai shekara huɗu. Wannan sakacinmu ne a ofishin sakatare, ba na wani ba. Washegari muka kai maganar gaban kwamiti, aka amince a sayi wurin ajiya na zamani.

Abin da aka sayo shi ne baƙin akwatin nan da kuke gani a kan kanta, wanda masana ke kira NAS. A cikinsa akwai faifan ajiya guda biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, ta yadda in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Ana haɗa shi da rautar ofis, sai kowace waya ko laftof da aka ba izini ta iya ajiye fayil ko ta ɗauko. Ɗan wajen ma'aji, wanda ke karatun kwamfuta a kwalejin fasaha, shi ya zo ya saita mana. Cikin awa ɗaya wayar shugaba ta ga akwatin, laftof ɗin mai binciken kuɗi ma ta gan shi. Aka zo kan Tsohuwa, wadda saboda ita aka yi sayayyar tun farko. Aka cusa mata kebul, fitila ta kama ƙiftawa, amma duk yadda aka rubuta sunan akwatin sai ta ƙi shiga.

Yaron ya zauna ya yi mana bayani, mu kuma ga yadda muka fahimce shi. Idan kwamfuta biyu za su yi musayar fayil ta kebul, sai sun yi magana da yare ɗaya. Yaren da Windows ke amfani da shi sunansa SMB, asalinsa kuma tun shekarun 1980 ne. Windows XP na farkon kawai ya iya, wato SMB1. Na biyu ya zo ne tare da Windows Vista a 2006, na uku kuma tare da Windows 8 a 2012. Sabon akwatinmu da na biyu da na uku yake magana, na farkon an rufe shi tun daga masana'anta. Ba shi kaɗai ba ne: tun ƙarshen 2017 Windows 10 ya fara daina zuwa da SMB1 a kunne, manhajar Samba ma, wadda yawancin irin waɗannan akwatunan ke amfani da ita, ta kashe shi a fitowarta ta 2019. Ke nan kebul lafiya lau yake, Tsohuwa ma lafiyarta ƙalau, sallama ce kawai take yi da yaren da aka daina amsawa.

Ma'aji ya ce masa, "To kai ba za ka iya koya wa sabon akwatin tsohon yaren ba?" Ya ce, "Baba, zan iya, wuri ɗaya zan taɓa. Amma ku ji dalilin da ya sa aka rufe shi tukuna." Ya tuna mana abin da ya faru ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da wani bairos mai suna WannaCry ya bi ta wata ɓaraka da ke cikin SMB1 na Windows ya shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Yakan kulle fayilolin mutum ya ce sai an biya fansar dala 300. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin ya kai Microsoft ya fito da gyaran gaggawa har ga Windows XP da ya riga ya sallama. Yaron ya ce ba wai lallai wannan bairos ɗin ne zai kama akwatinmu ba. Matsalar ita ce tsohon yaren ba ya ɓoye abin da ake aikawa, kuma hanyar da XP ke bi wajen miƙa kalmar sirri in ba a gyara ta ba mai rauni ce. Ga shi Wi-Fi ɗin ofis kusan duk wanda ya zo taro ya san lambarsa. Muddin Tsohuwa na kan layi ɗaya da wayoyin jama'a da intanet, to ƙofarta a buɗe take, kuma shekara goma ke nan da ɗoriya ba wanda ya canza mata kwaɗo. Muka ce a cire kebul ɗin.

Sai muka koma ga abin da kowa ya sani, wato filashi. Kowace Juma'a a kwafo rijista daga Tsohuwa, a kai laftof, a zuba a akwatin. Wata uku muka yi muna haka, kuma a nan ne muka yi kuskuren da ya fi yi mana ciwo. Wata rana mataimakin sakatare ya karɓi kuɗin mutum biyu lokacin da babu wuta, ya rubuta su a wani jadawali a laftof da niyyar zai shigar daga baya. Ya manta, mu ma ba mu tambaya ba. Ranar taro muka karanto sunayen waɗanda ake bi daga rijistar Tsohuwa, har da sunan wani dattijo da bai taɓa tsallake wata ba. Ya tashi a gaban jama'a ya zaro takardar shaidar da aka rubuta masa da hannu. Mun ba shi haƙuri a wurin, mun bi shi har gida mun sake ba shi, muna kuma ƙara ba shi a nan. Bayan wannan, filashin kansa ya kwaso bairos daga wani shagon buga takardu, ya mayar da foldoji duk suka zama hotunan banza da ba sa buɗuwa. Allah Ya taimaka ba a kai ga cusa wa Tsohuwa shi ba.

Mun gwada wasu hanyoyin. Wani ya ce a riƙa ɗorawa a Google Drive kai tsaye, tunda suna ba da gigabait 15 kyauta. Amma Chrome na ƙarshe da ke aiki a XP shi ne mai lamba 49, na 2016, shafukan yau da yawa ba sa buɗuwa da shi daidai, kuma hakan na nufin a sake jona Tsohuwa da intanet, abin da muka gudu tun farko. Muka gwada FTP, wata hanyar aika fayil da ta samo asali tun 1971, wadda tsoho da sabo duk suka iya. Ta yi aiki, sai dai ita ma kalmar sirri a fili take tafiya, kuma sai mutum ya tuna ya zauna ya tura da hannunsa. Mu kuwa mun riga mun ga inda dogaro da tunanin mutum ya kai mu.

Mafitar daga bakin shugaba ta fito, shi da ko saƙon waya jikansa ke rubuta masa. Yana zaune yana saurarenmu muna ta kai-kawo, sai ya ce da yaron, "Kai ɗan nan, a garinmu in baƙo ya zo wanda ba za a shigar da shi cikin gida ba, ba korar sa ake yi ba. A zaure ake sauke shi, a kawo masa abinci nan, a karɓi saƙonsa nan. Ba za a iya yi wa wannan tsohuwar zaure ba?" Yaron ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Baba, za a iya." Ya ce masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a ƙasashen waje haka suke yi, galibi da wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu da ake kira Raspberry Pi. Amma mu kowace tsohuwar laftof za ta wadatar, in dai tana da ramin kebul da Wi-Fi.

Wannan ita ce laftof mai fasasshen gilashin da aka yi wa dariya. Wani ɗan uwa ne ya ba da ita kyauta, ko kwabo ba a kashe ba. Yaron ya goge abin da ke cikinta ya sa mata Linux da Samba, ya buɗe tsohon yaren a gefen kebul kaɗai. Kebul guda ne ya tashi daga bayan Tsohuwa ya shiga laftof ɗin, bai bi ta rauta ba. An ba kowaccensu lambar gida tsayayya, amma Tsohuwa ba a nuna mata hanyar fita waje ba, saboda haka a duk duniya laftof ɗin nan kaɗai take gani. Ta ɗaya gefen kuma laftof ɗin tana magana da sabon akwatin ta Wi-Fi da sabon yare. A cikinta akwai folda biyu. Ɗaya sunanta FITA: abin da Tsohuwa ta ajiye a nan, cikin 'yan mintoci laftof ɗin za ta kwafe shi zuwa akwatin da kanta. Ɗayar sunanta SHIGA: in akwai takardar da ake so Tsohuwa ta buga, nan ake sa ta. Wani amfanin da ba mu yi zato ba shi ne batirin laftof ɗin, domin ko nepa ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ita ba ta mutuwa nan take.

Kafin abin ya zauna daidai, sai da ƙananan abubuwa suka ba mu wahala, kuma muna faɗar su ko wani zai amfana. Na farko agogon Tsohuwa. Kullum ta tashi sai ta koma wata tsohuwar shekara, saboda ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci, mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, ya mutu. Wannan ya sa sabon fayil yake zuwa da tsohon kwanan wata, har muka kasa gane wanne ne na ƙarshe. Da aka canza batirin magana ta ƙare. Na biyu, ba a kwafar rijista tana buɗe, domin kwafin na iya fitowa a gurgunce. Sai an rufe Access tukuna, sannan a danna wani maɓalli da yaron ya ajiye mana a kan allo. Na uku, takardar da aka rubuta da Word na zamani, mai ƙarewa da docx, tsohon Word ɗinmu ba ya karanta ta, sai an adana ta da tsohon tsari mai ƙarewa da doc. Na huɗu, sunan fayil gajere muke sa masa, ba ƙugiya, ba alamomi. Sannan muka kafa doka ɗaya da ta fi duk waɗannan: rijista a wuri ɗaya kawai ake rubuta ta, wato a Tsohuwa. In babu wuta, littafin hannu ne guda ɗaya a durowar sakatare, kuma ba a tashi daga ofis ranar da wuta ta dawo sai an shigar da abin da ke ciki.

Da muka fara kwashe tsofaffin takardu zuwa akwatin, sai muka ci karo da wani abin da ya shafe mu musamman a matsayinmu na masu rubutu da Hausa. Bayanan taro na shekarun farko, da aka buɗe su a sabuwar laftof, duk inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ sai a ga wata alama daban. Dalili shi ne a wancan lokacin marigayi da wani salon haruffa na musamman yake bugawa, wanda aka ɗora haruffa masu ƙugiya a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. In kwamfuta ba ta da wannan salon, sai ainihin alamar ta bayyana. Yanzu akwai tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa da ba ta canzawa a kowace na'ura, shi ya sa kuke ganin ƙugiya daidai a wayoyinku. Aikin da muke yi a hankali shi ne mu buɗe kowace takarda a Tsohuwa, mu ga abin da aka rubuta na ainihi, sannan mu musanya alamomin a sabuwar laftof. Ba aiki ne mai sauri ba, musamman da yake mutum yakan tsaya karatu. Mun ga bayanin taron da aka yanke shawarar kafa asusun tallafi, da sunayen waɗanda suka fara zuba kuɗi. Fiye da rabinsu yau ba sa duniya. Allah Ya gafarta musu.

Kada wani ya ɗauka cewa da wannan zauren matsala ta ƙare. Tsohuwa za ta mutu wata rana, kuma in ta mutu, kwafin rijistar da ke akwatin zai zama fayil ɗin da sabuwar manhaja ba ta buɗewa. Shi ya sa kowane ƙarshen wata muke fitar da duk abin da ke cikin rijistar zuwa tsarin CSV, wanda rubutu ne zalla da waƙafi a tsakani, ko Excel ko waya ko wace irin na'ura za ta iya karanta shi. Takardu kuma muna mayar da su PDF a sabuwar laftof. Sau ɗaya a shekara za a buga komai a takarda, shugaba da ma'aji da mai binciken kuɗi su sa hannu. Yaron nan kuma ya fara gina sabuwar rijista, wannan karon da sharaɗin ya rubuta bayanin yadda ya gina ta, kuma ya koya wa mutum biyu. Za a riƙa gwada ta kafaɗa da kafaɗa da ta marigayi har sai lissafinsu ya zo ɗaya wata shida a jere. Ranar da haka ta faru, ranar ce Tsohuwa za ta huta. Zauren lokaci ya sayo mana domin mu yi wannan ƙaura a natse, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Sabon akwatin ma ba mu sakar masa komai ba. Faifai biyun da ke cikinsa suna kare mu ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. In wani ya goge fayil bisa kuskure, a duka biyun zai goge. In gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo, duka biyun zai ɗauka. Saboda haka an saita shi ya riƙa riƙe tsofaffin kwafi na makonnin baya, sannan muna bin ƙa'idar da masana ke bayarwa: kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Namu na wajen yana cikin wani ƙaramin faifai mai kalmar sirri, wanda ake sabuntawa duk wata a kai gidan ɗaya daga cikin amintattun ƙungiya. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, inda shaguna da gidaje suka ƙone, ya san cewa mu mazauna nesa da gida ba ma tara komai a ɗaki ɗaya. Wasu sun ba da shawarar a riƙa tura rijistar a zauren WhatsApp domin kowa ya riƙe kwafi. Ba za mu yi haka ba. A cikinta akwai bashin mutane, da lambobin matansu da iyayensu. Ko ba don dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba, wannan sirri ne da aka ba mu riƙo.

Abin da muke roƙo daga gare ku guda uku ne. Na farko, kowane mamba ya samu lokaci ya shigo ofis a buga masa takardar bayanansa, ya duba da idonsa, musamman sunan wanda za a kira da lambarsa. Mun ga mutane da dama da har yanzu sunan mahaifinsu da ya rasu ne a wurin. Na biyu, ku riƙa ɗaukar hoton rasit ɗinku da waya, kuma ku gaya wa iyalinku abin da kuke da shi a ƙungiya tun kuna da rai da lafiya. Na uku, duk wanda ke da tsohon faifan filofi, ko CD, ko hotunan tarukan farko a ajiye, ya kawo. Tsohuwa tana da ramin filofi kuma har yanzu yana aiki, alhali Sony ma ya daina ƙera faifan tun 2011. Abin da ba mu kwafe yanzu ba, ba mu san ko gobe za a samu na'urar da za ta karanta shi ba.

Ga 'yan uwanmu sakatarorin ƙungiyoyi a Agege, Mile 12, Idi-Araba, Sabon Ibadan, Shagamu da sauran wurare, in kuna da irin Tsohuwa a ofishinku, kada ku jira sai ranar da mai haƙƙi ya zo ya tsaya a kanku. Ku kwafi abin da ke cikinta a wannan makon, ko da a filashi ne mai tsabta, kuma kada ku jona ta da intanet. Wanda yake son ganin yadda muka haɗa namu, ofis a buɗe yake kowace Asabar bayan La'asar, yaron ma ya ce zai nuna wa duk mai so ba tare da an biya shi ba. Allah Ya yi masa albarka.

Ɗan uwan da ya yi tambaya, mun gode, da fatan an gamsu. In da saura, a kawo ta taro mai zuwa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.

Daga ofishin Sakatare.